Hannuna da Ƙafar Kaza

Talata, 8 ga Satumba, 1987. Ƙarfe huɗu na yamma

"Amarya, ka daina kallon hannu, ka kalli kaza. Aiki yana jikin kaza."

Nna ce take faɗa mini haka ɗazu, ina zaune a tabarma a tsakar gida, wani tsoho yana jan hannuna na dama kamar mai jan guga. Nna ita ce mahaifiyar mijina. Jiya ta iso daga Bida da ƙullin kayanta da wannan tsohon, Baba Sheshi mai ɗori. Shekara huɗu da aurena, har yau amarya nake a bakinta, kuma a Hausarta kowa namiji ne, har ni, har kaza.

Bari in rubuta yadda aikin yake, don wata rana in karanta in yarda ya faru. Baba Sheshi ya sa aka kawo kaza mai wake-wake. Ya yi bisimilla ya karya mata ƙafar dama, ƙas. Ya shafa man kaɗanya, ya jera tsinkayen gora, ya naɗe da tsumma. Sannan ya juyo ya yi wa wuyan hannuna irin abin da ya yi mata, sai dai ni da karayata ya same ni. Ranar da kaza ta taka ƙasa da ƙafar, ranar za a kwance ni. In ta warke, na warke.

Na ce, "Baba, in ta mutu fa?"

Ya ce, "Ba a tambayar wannan, 'yata."

Na yi shekara huɗu ina karatun tarihi a Zariya, ban taɓa jin amsar da ta rufe baki irin wannan ba.

Da hagu nake rubutun nan. Haruffan sun watse kamar 'yan aji ɗaya an kaɗa musu ƙararrawar tashi.

Laraba, 9 ga Satumba. Sha ɗaya na safe

Masu dubiya sun fara zuwa. Duk wanda ya ce "Garin yaya?" kafin in buɗe baki mijina Abdulsalami ya amsa: "Santsi ne. A banɗaki ta zame, ranar Lahadi."

To, na zame a banɗaki.

Kujerar da ta karye a ɗakin barcinmu tuni ya kai ta wurin kafinta.

Alhamis, 10 ga Satumba. Biyu na rana

Sista Christiana ta shigo da hoton ƙashina a ƙarƙashin mayafi kamar kayan sata. Nas ce, katanga ɗaya ta raba gidajenmu a nan Tudun Fulani. Ita ta ji ƙarata ranar Lahadi, ita ta kai ni asibiti, kuma tana tsaye ranar Litinin da safe lokacin da Dakta Kolo ya ɗaga hoton ya nuna wa taga.

Abin da ya ce, yadda nake iya tunawa: "Malama, wannan ba karaya ɗaya ba ce. Kan ƙashin da ke ɗauke da wuyan hannu ya fashe gida biyar, kuma tsagar ta shiga cikin gaɓa. In na sa miki filasta zai haɗe, amma yadda ya ga dama."

Sai an yi tiyata. A buɗe, a jera gutsattsarin kamar mai haɗa fasasshen tangaran, a ɗora ɗan siririn ƙarfe a ɗaure da sukurori. In an tarar da rami, a gutsuro ƙashi daga ƙuguna a cike. Ba su da kayan a nan, sai asibitin ƙashi a Kano. Kuma cikin mako uku daga ranar faɗuwa. Bayan haka ƙashin ya kama, sai dai a sake karya shi, kuma ba lallai ya koma daidai ba.

Na ce, "In ba a yi ba fa?"

Ya ce, "Za ki riƙe cokali. Alli da biro kuwa, ban yi miki alkawari ba."

Ni malamar makaranta ce. Cokali ba shi ne aikina ba.

Ya ba ni takardar turawa. A ƙasanta akwai layi ɗaya da aka ware wa miji. Hannun nawa ne, izinin yanka shi na wani ne. Mako uku zai cika ranar 27.

Christiana ta leƙa kwandon kaza ta ce, "Ticha, yaya ƙanwarki? Ta sha magani?" Ta sassauta mini tsumman da sauri kafin Nna ta fito daga kicin. "Wannan tsoho ya ɗaure ki kamar buhun doya. Ki riƙa matsa farce. In ya yi fari bai dawo ja ba, ki yi ihu, ina jin ki ta katanga."

Juma'a, 11 ga Satumba. Bayan sallar la'asar

Na ajiye wa Abdulsalami takardar asibitin kusa da kwanon abinci. Ya karanta ta sau biyu, har da sunan maɗaba'ar da ta buga ta.

"Laila, mutanen nan yankewa suke yi. Yona na ofishinmu da ciwon yatsa ya shiga."

"Yona injin niƙa ne ya cinye masa yatsan kafin ya shiga."

"Duk da haka. Ƙarfe a jikin mutum!"

"Injiniya, kai da kake ɗaure gada da ƙarfe tirela ta bi ta kai?"

"Gada ba matata ba ce. Kuma Nna ta taho da mutum tun daga Bida, in ce masa me? A bari mu ga kaza."

Ya ci loma biyu. Sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Kuma Kano ai ta Zariya ake bi."

Ya faɗa, ya ji abin da ya faɗa, ya tashi neman ruwan da ke gabansa.

Asabar, 12 ga Satumba. Tara na safe

Na raɗa wa kazar suna Takwara.

Takwara tana cin gero da farar shinkafar Bida. A ɗakin Nna take kwana, cikin kwando, a kan tsohon zanena na atamfa. Yau wata ƙawar Nna ta zo dubiya, ta wuce ni a tabarma, ta durƙusa gaban kwando ta ce, "Sannu, yaya jiki?" Da za ta fita ta lura da ni ta ce Allah ya ƙara sauƙi.

Ni kuma ina cin tuwo da hagu a ɓoye kamar mai laifi. Duk abin da na miƙa wa mutum sai na ce a gafarce ni. Yau sau goma sha na nemi gafara, ban yi wa kowa komai ba.

Lahadi, 13 ga Satumba. Azahar

Ruwa tun safe. Ƙofar gidan ta kumbura, sai da hannu biyu take buɗuwa, sai da hannu biyu take rufuwa. Ba wanda ya kulle ni. Damina ce.

Litinin, 14 ga Satumba. Goma na safe

Yatsu uku ba sa jin komai. Na soka musu tsinken tsintsiya, kamar na soki yatsun maƙwabta.

Ba zan rubuta maganar ambulan ɗin nan ba. Ba zan rubuta cewa ruwan ƙasa ne, da hatimin jami'ar Zariya, da sunana a baya, da kwanan watan Yuli ba. Ko cewa an farke shi da wuƙa, a tsanake, layi ɗaya miƙaƙƙe. Mace ta hau kujera za ta share ƙura a saman wadrob, ta ɗaga babban akwati, ta ga an ba ta gurbin digiri na biyu tun wata biyu da suka wuce, ta tsaya karantawa a kan ƙafa ɗaya. Wannan labarin wata ce. Ni a banɗaki na zame.

Abdulsalami ya mayar da komai inda yake, da ambulan da akwati. Mutum ne mai tsari. Kuma ya san yanzu ba na hawa.

Talata, 15 ga Satumba. Biyar na yamma

Takwara ba ta ci gero ba. Na leƙa ƙarƙashin tsumman, yatsunta sun yi baƙi. Ita ba ta da Christiana.

Nna ta ce sanyi ne, ta ƙara mata zane. Idon Nna yana da yana, daga taku uku ba ta bambanta ni da turmi.

Na daɗe ina kallon farcena.

Laraba, 16 ga Satumba. Uku na rana

Nna ta tafi suna a unguwar Bosso tun da sassafe, ta bar wa ɗanta amanar kwando. Ya shiga ɗakinta kafin ya tafi aiki, ya daɗe. Ya fito da kwandon a rufe ya zaga bayan gida. Na ji ƙarar shebur.

Ƙarfe sha biyu ga motarsa ta dawo. Shekara huɗu bai taɓa dawowa gida da rana ba, ko ranar da tankin ruwa ya faɗo. Ya ce ya manta fayil. Fayil ɗin yana cikin but ɗin motar, a buhu, yana motsi, kuma daga taɓon da ke tayar motar, a kasuwar Sauka Kahuta aka manta shi.

Alhamis, 17 ga Satumba. Takwas na safe

Ikon Allah. Takwara ta tashi da ƙoshin lafiya. Ta cinye gero ta nemi ƙari, ta tsattsagi Nna a yatsa. Nna tana ta hamdala, ta ce in ɗaga hannu in gani ko na ji sauƙi.

Na zauna na kalli kazar da kyau. Wake-waken yana nan. Amma tsinkayen goran an yanke su tsawo ɗaya, tazara ɗaya, kamar an auna da rula. Kuma ɗaurin yana ƙafar hagu.

Na gane yadda aka yi. Ya riƙe ta suna fuskantar juna, ya duba damarsa ya ɗaure. Bai karya ba ma, zuciyarsa ba ta iya ba.

Na zaga bayan gida. Gindin gwaba akwai sabuwar ƙasa, an daddale ta, an ɗora dutse. Wani da a bola zai jefa ta. Shi ya haƙa mata rami mai kusurwa huɗu. Na tsaya a wurin ban san abin da zan yi da fuskata ba.

Alhamis ɗin dai. Bayan magariba

Ana cin abinci na ce, "Injiniya, a aikin gada, in aka musanya dama da hagu, akwai matsala?"

Ya ƙware. Nna ta bubbuga masa baya tana yi mini faɗa kan magana lokacin cin abinci.

Juma'a, 18 ga Satumba. Sha ɗaya na safe

Na gaya wa Christiana ta saman katanga. Ta yi dariya har ta zauna a bokiti.

"To ki tona shi mana! Kwana tara ya rage miki, Ticha."

Na ce in na faɗa, maganar 'yar boko ce da ba ta yarda da ɗori ba. Nna za ta ce baƙin ciki nake yi da lafiyar kaza. Ba bakina ya kamata ya faɗa ba.

"Bakin wa, to? Kazar?"

Na ce kusan haka.

Asabar, 19 ga Satumba. Azahar

Kwana takwas.

Lahadi, 20 ga Satumba. Huɗu na yamma

Mara lafiya ta tsallake katanga.

Muna zaune aka ji fuka-fuki, sai ga ta a sama, tsumma yana lilo, ta dira cikin gidan Christiana a kan shanyar barkono. Nna ta rangaɗa guɗa. Maƙwabta suka shigo. Abdulsalami yana karɓar barka yana kallon ƙasa. Nna ta ce a kawo reza, yanzu za ta kwance ni.

Na sunkuyar da kai na yi muryar amarya, wadda ban taɓa amfani da ita ba. "Nna, ni dai a ganina wanda ya ɗaura shi ya kamata ya kwance. Kuma ya fara da kazar, kamar yadda ya fara da ita ranar farko. Kar mu ɓata al'ada."

Nna ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Ta ce wa ɗanta, "Ka ji? Yaro ya fi ka hankali."

Ya ce ai ba sai an wahalar da tsoho ba. Nna ta ce tsoho yana nan Sabon Gari wurin 'yan uwansa yana ɗora wani direba, jibi zai zo.

Litinin, 21 ga Satumba. Bakwai na safe

Ya tsaya a bakin ɗaki da jakar aiki a hannu ya ce, "Laila." Na ce, "Na'am." Ya ce ko na ga makullin mota. Yana hannunsa.

Talata, 22 ga Satumba. Biyar na yamma

Zan rubuta wannan duka ko hagun zai tsinke.

Baba Sheshi ya zo bayan azahar. Aka shimfiɗa tabarma, Nna ta kawo kunu. Christiana ta shigo aron gishiri ta zauna. Aka miƙa masa kaza. Ya juya ta, ya sake juya ta. Ya dubi hannuna, ya dubi ƙafar.

"Wa ya ɗaure wannan?"

Nna ta ce, "Kai mana."

"Ni dama na karya. Shekara arba'in ina aikin nan, ban taɓa karya hagu don mai ciwon dama ba." Ya warware tsumman, ya bi ƙafar da babban yatsa daga sama har ƙasa, ya bi ɗayar. "Wannan ko tuntuɓe ba ta taɓa yi ba. Ina kazata?"

Kazar ta sauka daga cinyarsa ta tafi wurin kunu.

Daga nan magana ta koma Nufanci. Ban ji komai ba sai sunan mijina, sau uku, kowanne ya fi na baya tsawo. Babban injiniya, wanda 'yan kwangila ke tashi tsaye in ya shigo, yana durƙushe yana nuna bayan gida da yatsa. Nna ta je gindin gwaba da kanta ta gani ta dawo.

Sannan Baba Sheshi ya kwance ni. Kwana goma sha huɗu ban ga hannun ba. Ya lanƙwashe daga wuya ya yi tudu, kamar cokali mai yatsu an kifa shi. Tsohon ya taɓa a hankali, ya ce in motsa yatsu. Biyu suka amsa.

Ya juya wurin Abdulsalami ya yi magana da Hausa, ina jin don ni.

"Kai kana tsammani don ado muke karya kaza? Ita ce take gaya mini abin da ba na gani. Da ka zo ranar da ta mutu, ranar zan ce a kai yarinyar nan wurin masu wuƙa. Wannan ya shiga gaɓa, ba aikin gora ba ne. Kaza ta faɗi gaskiya, ka je ka binne."

Wato abin da Dakta Kolo ya gani a hoto cikin minti biyu, Takwara ta tabbatar da shi da ranta. Allah ya sa ta huta.

Nna ta ce, "Ina takarda?" Christiana, wadda ta zo aron gishiri, ta zaro biro daga gashinta. Nna ta kama hannun ɗanta ta danƙa masa kamar ranar da ta fara kai shi makaranta. Ya sa hannu.

Laraba, 23 ga Satumba. Biyu na rana

Dakta Kolo ya buga waya Kano. Sun ce in kwana can gobe, Juma'a su duba ni, Asabar a shiga tiyata. Ya ce mun zo a bakin ƙofa tana rufuwa. Ya ce yatsun ƙila su dawo, ƙila su ɗauki watanni. Na ce ina da haƙurin watanni, wasu takardun ma wata biyu suke yi a hanya.

Nna ce za ta yi jinyata. Ɗanta ya ce zai kai mu da mota, ta ce ya zauna ya yi gadin gwaba.

An yanka mai tsallake katanga, an soya mana guzuri. Ita kaɗai ce a gidan nan ba ta yi wa kowa ƙarya da baki ba.

Alhamis, 24 ga Satumba. Bakwai da rabi na safe, a tasha

Mota tana jiran mutum biyu. Nna tana ciniki da mai ƙosai da Hausar da ta mayar da matar namiji.

Da za mu fito daga gida Abdulsalami ya ɗauko mini ƙaramar jaka. Na ce babban akwati nake so.

"Na kwana nawa ne, Laila?"

"Ban iya hawa ba, Injiniya. Kai ne dogo."

Ya jawo sabuwar kujera ya hau. Ya janyo akwatin, ambulan ya biyo shi, ya yi lilo ya sauka a tsakiyar ɗaki, tsakanina da shi. Ba wanda ya motsa. Nna ta shigo da kwanon kaza, ta taka shi, ta sunkuya ta ɗauka ta kai dab da idonta.

"Takardan asibiti ne? Ku yara komai sai ku yar."

Yana tsaye a kan kujera. Ya dube ni, na dubi bango.

Ya ce, "Tata ce, Nna."

Ta cusa shi cikin akwati tsakanin zannuwana ta danne.

Ya ɗauko mana kayan har zaure. Christiana ta riga ta tsayar da tasi a bakin titi, tana ta yi mana hannu. Ya tsaya daga ciki, ba takalmi, ya ce a hankali yadda Nna ba za ta ji ba, "Yaushe za ki dawo?"

Na ce, "Ka tambayi kaza."

Na kama ƙofar da hagu na ja, ta ƙi. Na sake ja. Nna ta ajiye kwanon a ƙasa, ta ture ni gefe, ta sa hannu biyu ta fizgo ta, gam. Ta ɗora akwatin a ka, ta ce, "Amarya, wuce gaba."

Na wuce.